TAMBAYI LIKITA: Na aje taba wata biyar, amma har yau kaina bai dawo daidai ba

Barkanmu da war haka jama'a. Saƙonni uku na ɗauko wannan karon, duk a kan taba sigari, don sun taru min da yawa a waya kuma kusan tambaya ɗaya ake ta juyawa. Kamar kullum na cire sunaye, na bar wa kowa maganarsa yadda ya rubuto ta.

TAMBAYA TA FARKO

Salamu alaikum Likita, ina gajiya ina ɗawainiya da jama'a. Ni tela na nan Mabera, shekarata 38, kuma na kwashe shekara 17 ina shan taba, kwali guda kullum, in ɗinkin sallah ya matso har kwali da rabi nika sha. Azumin da yaw wuce Allah ya ban iko na aje ta, yau wata biyar ko kara guda ban kai baki ba. Amma Likita wallahi tun da nib bari ban koma mutum ba. Ba abin da ka man daɗi, ko hirar majalisa da nika so da, yanzu in na zamna ji nikai kamar an aje ni. Mantuwa kau kar ka tona, shekaranjiya na yanka shaddar wani Alhaji da awon wani mutum daban, sai da nib biya. Yaran shago sun hwara tsorona don abu kaɗan in hau su da hwaɗa. Da dare ba ni barci sai wajen ƙarhe ukku, ga gabana shina ta bugawa. Goro nika ci madadin tabar, shida zuwa bakwai ga wuni, sai shayin buzaye da muka dahwawa bakin shago har dare. Wani abokina yac ce ya gani ga Facebook wai taba na canza ƙwaƙwalwa har abada, kuma wanda yab bar ta lokaci guda shi ka samun matsala, wai gara in koma ko kara biyu ga wuni. Shin gaskiya na? Kuma akwai magani?

Daga wani tela, Mabera, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam Malam tela, sannu da ƙoƙari, wata biyar ba wasa ba ne, da yawa kwana uku ke kayar da su. Maganar abokinka kuwa rabinta gaskiya rabinta shirme, kuma shirmen ne mai haɗari, don haka bari mu warware ta a hankali.

Eh, taba tana canza ƙwaƙwalwa. In ka zuƙi hayaƙi sinadarin nikotin yana isa kanka cikin daƙiƙa 10 zuwa 20, ko ashanar ba ka gama yarwa ba ya kai. Can ciki a jikin ƙwayoyin jijiya akwai wasu 'yan gurabe kamar kwaɗo mai jiran makulli, asalinsu an yi su ne don wani ɗan aike na jiki mai suna asetilkolin, to shi nikotin makullin ɓarawo ne, yana shiga ya buɗe su, suna buɗewa sai a saki dofamin, wato sinadarin da ke gaya wa mutum cewa abin nan da daɗi, a sake. Yanzu yi lissafi da kanka, kwali kara 20 ne, kowane kara a ce zuƙa goma, zuƙa 200 kenan a rana, ka ninka da shekara 17. Ya haura miliyan ɗaya. Ko ɗinki ban jin ka maimaita wani abu sau miliyan da irin wannan naci.

To da ƙwaƙwalwa ta ga ana ta banko mata abin nan ba dare ba rana, kwaɗunan farko sun gaji sun daina amsawa sosai, sai ta ƙaro wasu. Kai za ka fi kowa gane wannan, in ɗinkin sallah ya yi maka yawa ai kekuna kake ƙarowa ka ɗebo yara 'yan taya aiki, shago ya cika maƙil. Bayan sallah fa? Yaran na nan zaune, ba ɗinki ba kuɗin abinci, sai tsaki da ƙorafi da neman faɗa. Abin da ya faru a kanka kenan ranar da ka ajiye taba. Amma ba mai shagon da ke riƙe yara goma har abada alhali ba aiki, a hankali ake sallamarsu, kuma haka ƙwaƙwalwa take yi. A 2009 masu bincike a Jami'ar Yale ta Amurka sun riƙa ɗaukar hoton ƙwaƙwalwar mutanen da suka bar taba lokaci bayan lokaci, suka ga yawan gurabun nan ya koma daidai da na wanda ba ya sha cikin mako 6 zuwa 12. A Jamus kuma a 2016 an auna ƙarfin sarrafa dofamin a ƙwaƙwalwar maza mashaya, aka samu ya gaza na marasa sha da kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari, da aka sake aunawa bayan wata uku da bari sai ga shi ya dawo.

Kuma ba nikotin kaɗai ke ta'adi a hayaƙin ba. Tun 1996 aka gano wani sinadari da ake kira MAO-B, wanda aikinsa kwashe dofamin bayan ya gama aiki kamar mai sharar kasuwa, yana raguwa da kusan kashi 40 cikin ɗari a kan mashaya, wasu abubuwa ne daban na cikin hayaƙin ke danne shi. Ka bar taba mai shara ya dawo da tsintsiyarsa, kuma ana ganin wannan na cikin dalilan da ke sa makonnin farko komai ya zama lami kamar miya ba gishiri.

Abin da ke daɗewa na gaske, wanda zan yarda da abokinka a kai, shi ne sabo. Ƙwaƙwalwa ta haɗa taba da wasu lokuta ta ɗaure tamau: ka gama cin tuwo ka wanke hannu, ko an ɗauke wuta keke ya tsaya kowa ya fito waje shan iska, sai ka ji hannunka ya tafi aljihun gaba shi kaɗai ba ka aike shi ba. Wannan ko bayan shekara goma yana iya leƙowa, sai dai ƙarfinsa na raguwa kuma yawanci minti uku zuwa biyar ne ya wuce. Shi ya sa shawarar kara biyu a rana ta fi komai muni a cikin maganarsa, kara ɗaya ya isa ya kira yaran da ka sallama su dawo da kayansu, kuma na ga mutane da yawa da suka ce ɗaya tak a wajen biki, kafin sati ya zagayo sun koma kwali. Sannan akwai binciken 2015 a kan dattawa kusan 500 a Sikotland da ya nuna ɓawon ƙwaƙwalwa, inda tunani da tuna abu suke, ya fi siranta a mashaya, amma waɗanda suka bari nasu yana ɗan farfaɗowa shekara bayan shekara, a hankali sosai. Lura fa, shan ne ya yi ɓarnar, ba barin ba.

To in haka ne me ya sa kai a wata biyar kake wannan hali? Ni wanda na fara tuhuma yana cikin aljihunka a ƙunshe cikin leda. Goro. Da shi da shayin buzayen nan duk cike suke da kafeyin, wato sinadarin da ke wartsake mutum ya hana shi barci, kuma ga abin da kusan ba a gaya wa masu barin taba: hayaƙi yana sa hanta ta riƙa saurin narkar da kafeyin, lokacin da kake sha in ka ci goro nan da nan hanta ta gama da shi. Kana bari, cikin kwanaki kaɗan hantar ta koma tafiyarta ta asali, sai ya zama abin da kake ci da ɗin ma yanzu yana iya yi maka aikin ninki biyu, kai kuma maimakon ka rage sai ka ƙara, goro bakwai ga tukunyar shayi tana kan gawayi har bayan isha'i. Bugun gaba, rashin barci, saurin fushi, hannu na ɗan rawa, duk aikin kafeyin ne in ya yi yawa. Wanda kuma ba ya barci sai ƙarfe uku ai dole ya yanka shaddar Alhaji da awon wani, ba sai an nemo aljani ba.

Kar ka yanke shi rana ɗaya don zai sa ka ciwon kai, ka riƙa ragewa cikin sati biyu har ka dawo goro ɗaya ko biyu kuma duk kafin azahar. Shayi ka bar wa 'yan majalisa zagayen farko mai ɗacin nan, bayan la'asar kuma ko kurɓa kar ka yi. In baki na neman abin yi ga asuwaki, ga aya, ga goruba, amma a yi hattara da alawa da lemon kwalba don masu barin taba kan ƙara kilo 4 zuwa 5 a shekarar farko. Bayan sallar asuba kafin ranar Sakkwato ta fito da fushinta ka taka da ƙafa minti talatin da ɗan sauri, wannan ba maganar cika baki ba ce, motsa jiki yana rage ƙawar taba yana gyara barci yana kuma ɗaga rai, kai da ke wuni zaune kan keke ma ka fi kowa buƙata.

In ka yi wannan sati uku amma har yanzu ba abin da ke maka daɗi, to mu kira abin da sunansa, yana iya zama ciwon damuwa. Wasu dama suna da shi tun da can taba ce ke lulluɓe shi, wasu kuma bayan bari yake taso musu, kuma yana da magani. Ka je asibiti a duba jininka da hawan jini da suga da maƙoƙo tunda su ma suna kawo kasala da bugun gaba, sannan ka gaya wa likita maganar nan kamar yadda ka gaya min ba ragi. Akwai sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware. Na sani, a garin nan da an ce Kware sai a fara dariya ana cewa wane ya zare, amma je ka zauna a layin ganin likita rana ɗaya ka gani, malaman makaranta ne da 'yan kasuwa da matan aure masu rashin barci da damuwa, sun karɓi magani sun koma gida. In kuwa har tunanin mutuwa ko cutar da kanka ya fara zo maka, kar ka jira sati uku, yau ɗin nan ka gaya wa wani naka ku tafi.

Abin da ban yarda ka taɓa ba shi ne tiramol da maganin tari mai kodin da duk wata ƙwaya da wani zai miƙo maka a ce tana saita kai, haka shisha, ita ma taba ce aka sa mata ƙamshin tuffa. Masu garin magani a bayan mota da lasifika kuma wai mai wanke ƙwaƙwalwa, ka riƙe kuɗinka ka biya shaddar Alhaji. A 2014 mujallar likitocin Birtaniya ta buga wani nazari da ya tattara bincike 26, aka ga waɗanda suka bar taba damuwarsu da fargabarsu sun ragu in aka gwada da waɗanda suka ci gaba da sha. Ka sake rubuto min bayan wata ɗaya in ji yadda barcin ya kasance.

TAMBAYA TA BIYU

Likita barka da aiki. Maigidana direba ne yana jigila tsakanin Sakkwato da Illela, sau uku yana gwada barin taba amma da ya kwana biyu uku sai gidan ya koma kamar an kunna wuta, ba mai iya yi mai magana, yara su ɓuya ɗaki, abinci ya ce gishiri ya yi yawa gobe ya ce bai ji ba. Karo na ƙarshe wallahi ni da kaina na ba yaronmu kuɗi na ce ya je wurin mai tebur ya sayo mai don mu samu lafiya, har yau abin na damuna. Dan Allah akwai maganin da zan iya sa mai cikin fura ko abinci ba tare da ya sani ba ya ji ya tsane ta?

Daga wata uwargida, Runjin Sambo

AMSA

Hajiya sannu da haƙuri, kuma ki daina cin kanki, ba ke kaɗai kika taɓa yin haka ba. Amma maganar sa magani a fura a ɓoye, a'a, kar ki soma. Babu irin wannan maganin, duk wanda ya sayar miki cutarki ya yi, kuma mutumin da ke riƙe da sitiyari da ran mutane a bayansa bai kamata wani abu ya shiga cikinsa bai sani ba. Yaron ma kar a sake aikensa, dokar hana taba ta ƙasa ta 2015 ta haramta sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta ma haramta sayarwa kara-kara duk da dai kowa na ganin yadda masu tebur ke yi, ni abin da ya fi damuna shi ne yaro ya saba da hanyar.

Abin da kike gani a kwana na biyu da na uku shi ne ƙololuwar abin. Nikotin ba ya daɗewa a jini, duk awa biyu rabinsa ya tafi, kafin kwana uku jiki ya wayi gari fayau, a nan fushi da ƙunci da rashin natsuwa ke kai maƙura, daga nan sai su fara sauka cikin sati biyu zuwa huɗu. Wato maigidanki sau uku yana hawa tudu har ya kusa kai ƙarshe sai ya juyo. Ki gaya masa haka, don mutum in ya san wahala tana da ranar ƙarewa ya fi iya cije wa. Gwaji uku kuma ba abin kunya ba ne, yawancin waɗanda suka bari sai da suka faɗi sau da dama.

Magani na gaskiya akwai shi, amma da saninsa da yardarsa. Akwai nikotin na asibiti wanda ba hayaƙi, filasta da ake mannawa a dantse da safe, da cingam ko alawar tsotso, suna sassauta wa ƙwaƙwalwa tana saukowa mataki-mataki cikin wata biyu zuwa uku, kuma haɗa filasta da cingam ya fi amfani da ɗaya shi kaɗai. Cingam ɗin ba a tauna shi kamar na yara, ana ɗan tauna ne har a ji yaji-yaji sai a ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa a sake, wanda ya yi ta tauna yana haɗiye miyau shaƙuwa da tashin zuciya zai samu ya ce maganin banza ne. Sai ƙwayoyi da likita ke rubutawa: bareniklin da aka fi sani da Champix, shi yana zama ne a gurabun nan da na yi wa tela bayani ya rage ƙawa, in ma mutum ya sha tabar ba ya jin daɗinta kamar da, ana fara shi sati ɗaya kafin ranar bari a yi sati 12. Akwai bufurofiyon ko Zyban, wanda mai farfaɗiya ba ya sha sam, da sitisin da ake samu daga tsiro, an daɗe ana amfani da shi a gabashin Turai. Duk huɗun Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a jagorar da ta fitar a 2024. Ba kowane kemis ke ajiye su ba, sai a tambayi manyan famasi, kuma lallai ya gaya wa likita cewa shi direba ne don wasunsu na sa jiri ko su dagula barci a farko.

Naki aikin Hajiya, ku zauna ku sa rana tare, ranar da zai iya ajiye mota kwana biyu ko uku, a kwashe kwali da laita har na cikin mota, a wanke kayan da ke warin hayaƙi. Ki ja yaran gefe ki ce Baba ba shi da lafiya na sati ɗaya, a rage hayaniya. In ya yi ƙorafin gishiri ki ce to, kawai. Mutumin da ke kai azumi tun asuba har magariba ba taba ai ya riga ya nuna zai iya, matsalar ita ce karan da ake kunnawa da an sha ruwa. Shi ma ki sa ido kan goro da kofin tasha.

TAMBAYA TA UKU

Likita mahaihina shekararshi 64, manomin albasa na, ya hi shekara 40 shina shan taba, yanzu tari ya matsa mai shina son shi bari amma abokanai sun ce tsoho in yab bar ta mutuwa shikai don jiki ya saba. Mi za mu yi?

Daga wani ɗalibi, Gwadabawa

AMSA

Ɗana ka gaishe min da Baba, ka ce masa barin taba bai taɓa kashe kowa ba, wahala ce ta makonni ba haɗari ba. Waɗanda abokansa ke gani sun bari sun rasu, yawanci ciwo ne ya riga ya ci su shi ya sa suka bari, sai a ɗora wa barin laifi. Binciken da aka yi shekara 50 ana bin likitocin Birtaniya ya nuna wanda ya bari yana ɗan 60 yana samun ƙarin kusan shekara uku a kan wanda ya ci gaba. Ban da wannan binciken kuma, an san haɗarin shanyewar ɓarin jiki yana ta raguwa har ya kusanci na marar sha cikin shekara 5 zuwa 15. In yana shan wani magani kullum, musamman tiyofilin na asma ko kulozafin da olanzafin na ƙwaƙwalwa, a gaya wa likitansa kafin ya bari, don maganar hantar nan ta shafe su, ƙila a rage masa adadi.

Tarin ne ma na fi so ku fara da shi. Bayan bari yana iya ƙaruwa na ɗan lokaci saboda huhu na fitar da dattin da ya tara, wannan ba komai, amma tarin da ya riga ya wuce sati biyu tun yanzu, balle in akwai rama ko zufar dare ko jini a majina, ku kai shi a gwada majinarsa. Gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati, a nemi hoton ƙirji ma a haɗa. Ka raka shi da kanka, kar ka bar shi ya ce sai an gama cirar albasa.